Amsar Mansura a Zaure

Malama Rukayya, ma'aikaciyar asibiti, ita ta fara gaya wa Inna Baraka cewa mugun tunani ma ana tambayar shi shaida. Inna ta koya wa ɗiyarta Mansura, wadda damuwa ta hana ta fita zance wata uku.

Ran Juma'a saurayinta Gide ya sake zuwa, ya tsaya zaure yana murza hula.

"Raina na ce mani za ka gaji da ni," in ji Mansura.

"Me kika ce mashi?"

"Na nemi shaida." Ta dubi taɓon hanyar Mairuwa da ya ɓata mashi wando har gwiwa. "Bai da ita. Turo magabatanka."

Inna na bayan zana tana hamdala. Yanzu haka Mansura na tsakar gida, ana sa mata lalle, tana dariya.