Jikan Kwalba

Tun da aka kafa dokar, ba mai shan ƙaron bishiya sai an gwada shi a kan jikan kwalba, wata 'yar tsoka da ake rainowa daga jinin majiyyaci. Idan ta rayu, maganin ba zai cuci zuriyarsa ba.

Tasalla ta kawo ƙaron maje ɗakin gwaji saboda 'yarta Zuwaira, wadda tari ya hana sakat ga kuma juna biyu. Mai gwajin, Malam Ɗanjuma, ya ɗauko kwalbar Zuwaira daga cikin jerin kwalabe. Tsokar ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, tana bugawa a hankali.

Ya ɗiga ƙaron. Bugun ya tsaya. Tasalla ta matso tana salati, sai ta ga tsokar ta juyo gefen da take, ta ci gaba da bugawa.

"Babu guba, Inna," in ji shi. "Zuwaira ta sha safe da yamma."

"Malam, tsokar nan ji take yi?"

"An ce mana ba ta ji."

"To yanzu ina za a kai ta?"

"Aikinta ya ƙare. Zubarwa ake yi."

Tasalla ta ɗaure ƙaron a bakin mayafi. Ta kai ƙofa, ta kasa fita.

"Ana yi musu salla?"

Malam Ɗanjuma ya dubi kwalaben.

"Ba a yarda ba, Inna. Amma ni nakan yi, in kowa ya tashi."