Huluna Biyu, Zare Ɗaya

"Ƙaramar ta fara fitsari," in ji likita, tana nuna mini wani baƙin ɗigo a hoton cikina.

Ban taɓa zaton fitsari zai sa ni kukan murna ba. Tagwayena mabiyiya ɗaya suka haɗa, jinin ƙaramar yana ta tsiyaya zuwa jikin babbar. Ƙaramar tana bushewa, babbar kuma jini ya yi wa zuciyarta yawa. Makon jiya a birnin Belgrade aka zura mini siririn bututu a ciki, aka ƙone jijiyoyin da suka haɗa su. Yau ga shaida, kowacce ta riƙe rabonta.

Uwar mijina tana jira a waje, jaka a cinya. Ita ce ta hana mu sayen ko da safa, don a ƙauyenmu ba a tanadar wa jariri kaya kafin ya iso.

"Su biyun suna lafiya?" ta tambaye ni da na fito.

"Su biyun, Mama."

Ta yi alamar gicciye, ta buɗe jakar. Sai ga huluna biyu da ta saƙa a ɓoye, zare ɗaya har yanzu ya haɗa su.

"Mama! Ke da kike hana mu?"

"Rufe mini baki, 'yar nan. Likita ta raba nata, ni zan bar nawa?"

Ta sa almakashi ta datse zaren, ta ɗora mini su a kan ciki, dama da hagu.

Girmansu ɗaya.