Ƙwayar Alhamis

Alƙalami na hannun shugabar mata masu zaman zuhudu, amma ya ƙi sauka kan takardar. Ƙarfe biyar wa'adin gwamnati zai cika: ko inshorar lafiyar ma'aikatan gidan tsofaffinsu ta haɗa da maganin hana ɗaukar ciki, ko ita shugabar ta sa hannu cewa cocinta ya haramta. Lauya ya ce da zarar ta sa hannun, kamfanin inshora zai raba maganin da kansa. To, ina bambancin? Tun safe kofin ruwanta na gefe, ba ta taɓa shi ba.

Mai jinyar da ke yi wa tsofaffi wanka ta shigo da shayi, jakarta ta zame, tarkace suka watse. Wani ɗan kati ya tsaya daidai ƙafar shugabar, ƙwayoyin hana ɗaukar ciki a jere, kowace da sunan ranarta.

"Uwa, 'ya'yana huɗu," in ji matar. "Likita ya ce na biyar zai kashe ni."

Shugabar ta ɗauki katin ta duba. Sannan ta tura mata kofin ruwanta.

"Yau Alhamis, 'yata. Ba ki sha ta yau ba."