Fitilun Indiyawa

Fatihu ya tarar da Ikhlas a bayan gidansu, tana jera ɗanyun fitilun yumɓu a rana.

"Malam, mahaifina, ya ce ba zai nema mini auren mai gina wa Indiyawa fitilun bikin addininsu ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai in kin daina."

Ta daɗe tana juya fitila a hannunta.

"Gida biyar suka fara bikin nan nasu na Diwali, Baba ya gina musu ashirin. Bana dubu uku suke so. Ranar da Baba ya rasu, har nan suka zo gaisuwa. Mahaifinka bai taka ƙofar nan ba."

"Ikhlas, ina son ki."

Ba ta ɗago ba.

"Matsa, Fatihu. Inuwarka tana hana su bushewa."