Yatsu Goma Bayan Gwaji

Gudumar gwaji ta faɗo a kan ɗan garin nakiyar. Shiru.

A bayan gilashin kariya, matashiyar mai bincike ta saki numfashin da ta riƙe. Nakiyar fasa dutse suke nema, wadda ba za ta tashi don an buge ta ko ta faɗo daga mota ba. Idan wannan haɗin ma ya tashi, za a rufe ɗakin binciken.

Tsohon farfesan ya karkato kunnensa mai ji. "Ya yi ƙara ne ban ji ba?"

"Ko tari bai yi ba, Malam."

"A ƙara wa gudumar nisa. Kwamfutarki ba ta taɓa shaƙar albarushi ba."

Gaskiyarsa ne. Shi da hannu ya koyi aikin, haɗi bayan haɗi. Ita kuwa tsofaffin sakamakon gwaji ta ɗura wa na'urar, na'urar ta tace dubban haɗe-haɗe a kan allo har ta nuna wannan.

Aka ɗaga gudumar har ƙarshen sandarta. Ta sake faɗowa. Shiru.

Da rana, a filin gwaji, aka kunna nakiyar da waya daga nesa. Dutsen ya dare kamar kabewa.

Al'adar ɗakin ce, bayan kowane sabon haɗi kowa ya ɗaga hannuwansa a gani. Farfesan ya ɗaga nasa, yatsu bakwai. Ya daɗe yana kallon nata.

"Goma cif," ya ce. "Da wannan za ki fara rahoton, 'yata."