Ruwan Orval Ya Mutu a Hanya

Gonar Orval Dreiling ce ta ƙarshe a kan magudanar da ta taso daga kogi, mil huɗu cur daga ƙofar da ake sako ruwa. Itatuwan tuffa saba'in gare shi, dashen mahaifinsa. Duk wanda ya san shi a wannan kwari namu na Colorado ya san abu biyu: ya iya ban-ruwa, kuma ba ya zuwa taro. Cewa yake taro aikin wanda ba shi da shebur ne.

Ana nan sai wani kamfani ya fara haƙar tsakuwa a bakin kogin. Rami ya yi zurfi har ruwan ƙasa ya cika shi, rana ta yi ta shanye shi. Ruwan nan kuwa a da kogi yake gangarawa, don haka doka ta ce duk abin da ramin ya rage wa kogi sai kamfani ya mayar. To kamfani ba ya ƙera ruwa. Sai ya bi manoma uku da ke sama da Orval ya saye kasonsu na ban-ruwa, don a daina sako shi magudana, a bar wa kogi.

Takarda ta zo daga kotun ruwa, wai mai ƙorafi ya shigar kafin wata biyu. Orval ya karanta layi biyu ya ɗora mata kofin gahawa.

Marlys Ortega, mai rabon ruwan magudanar, ta tsayar da a-kori-kurarta a ƙofar gidansa.

"Orval, ka ga takardar nan?"

"Na gani. Tana can tana hana kofi ɓata min tebur."

"Kai dai taurin kai ne zai kashe ka. Ka zo taro ranar Asabar, mu nemi a sa musu sharaɗi su bar ruwan rakiya a magudana."

"Kasona nawa ne tun zamanin kakana. Wa ya isa ya taɓa shi?"

"Ba wanda zai taɓa. Amma shi kaɗai zai yi tafiyar mil huɗu cikin yashi? Ruwan maƙwabtanka ne ke goya naka har ƙofarka."

"Shekara arba'in ina ban-ruwa, yau ke za ki koya min tafiyar ruwa? Je ki, 'yar gidan Ortega, kar ƙofofinki su yi kewarki."

Bai je ba. Wa'adi ya cika, ba wanda ya yi ƙorafi daga ƙarshen magudana, kotu ta amince ba tare da wannan sharaɗi ba.

Shekara ta zagayo, Yuli ya shigo da zafinsa. Ranar da layi ya zo kansa, Marlys ta sako masa kasonsa cif, ko ɗigo ba ta rage ba. Orval ya tsaya da shebur tun safe yana jira. Rana ta take, shiru. Sai ya bi magudanar da ƙafa. Ya yi fiye da mil guda kafin ya tarar da bakin ruwan, siriri kamar igiyar guga, yana nutsewa cikin yashi a gaban idonsa. Ya hau haƙa yana share masa hanya har hannunsa ya yi bororo, ruwan bai ƙara taku goma ba.

Washegari ya garzaya kotu. Magatakarda ta duba ta ce, "Yi haƙuri, dattijo. Lokacin magana ya wuce tun bara."

Ya koma jido da tanki a bayan mota, amma tanki ɗaya ina zai kai itace saba'in? Kafin kaka hamsin da takwas sun bushe ƙayau. Ranar da ya sa zarto a gindin na farko, wanda mahaifinsa ya dasa shekarar da aka haife shi, Orval ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuma ba haushin kamfanin ya fi ji ba, haushin kansa ne.

Da sanyi ya shigo sai ga wata takardar. Kamfani zai faɗaɗa rami, yana neman sayen kaso biyu a reshen magudanar na arewa, inda gonar albasar Eusebio Maestas take a ƙarshe. Wannan karon Orval ya karanta ta har sau uku. Ya ɗora kututturen tuffa a mota ya nufi gidan Eusebio.

"Haba Orval, kasona nawa ne," in ji Eusebio. "Wa ya isa..."

Orval ya dire masa kututturen a bakin ƙofa. "Ga abin da ya samu wanda ya riga ka faɗin haka. Ɗauko hularka."

Gida tara ya bi da wannan kututture, wasu sai da ya koma sau biyu. Aka shigar da ƙorafi saura kwana shida wa'adi ya cika, aka yi ta ja da lauyoyin kamfani, daga ƙarshe aka rubuta sharaɗin ruwan rakiya. Albasar Eusebio ta sha ruwa a Yulin da ya biyo. Maganar gonar Orval kuwa ta riga ta wuce, hukuncin baya ba ya tashi. Itace goma sha biyu suka rage masa, kullum da safe yana musu jido da tanki.

A taron bana, Marlys ta same shi a kujerar gaba tun kafin a gama jera kujeru.

"Ashe masu shebur ma suna zuwa taro?"

"Shebur na nan," ya ce. "Ruwan ne babu."

Jama'a, takardar da ta shafi ruwanku ko ƙasarku, ku karanta ta ranar da ta zo, ku je inda ake yanke magana tun ƙofa na buɗe. Haƙƙin da mai shi ya yi sakaci da tsaronsa, a takarda kawai yake saura.