Kalangun da Ya Yi Mura a Bakin Teku

Na ji ka ce jibi za ka tafi birnin bakin teku, kuma wai sai da safen za ka cusa kaya a jaka. To, gyara zama, Malam, in ba ka misali.

An yi wani makaɗin kalangu a wani gari na arewa, wanda ya gaji kiɗan mahauta kaka da kakanni. Mahautan garinsu da suka yi ƙaura zuwa birnin bakin teku suka aiko masa ya zo ya yi kiɗa a bikin ɗan Sarkin Pawarsu. Nan take kansa ya kumbura. Ranar tafiya ya zura babbar riga mai sitaci, ya sa takalmin fata, ya rataya kalangu tsirara a kafaɗa kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Matarsa ta biyo shi har bakin zaure da ledar da zai naɗe kalangun, ya ce shi makaɗi ne, ba mai tallan kifi ba. Abin da bai sani ba, iskar can jiƙaƙƙiya ce, ko ba a yi ruwa ba sai ka ji riga ta manne maka a baya, balle kuma ya sauka ana tsuga shi. Kafin ya kai masauki ya tsoma ƙafa a kwata har idon sawu, takalmin ya wage baki. Sauro suka yi walima da shi. Fatar kalangu kuwa ta sha danshi ta saki. Da aka taru, mahauta suka fito fili sun ci ɗamara, ya matse tsarkiya ya buga, sai kalangu ya amsa da murya a toshe kamar mai mura. Ya nemi wuta ya gasa fatar, gawayin da aka samo masa a jiƙe yake, ashana ma ta ƙi kamawa. Mahauta suka yi cirko-cirko suna kallon juna. Daga ƙarshe wani ya jawo lasifika aka kunna kiɗan waya, shi kuma ya koma gefe zazzaɓi na kaɗa shi, amma wallahi kunya ta fi zazzaɓin cin sa.

Da wani ne, yana dawowa gida zai rataye kalangun ya ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba. Shi kam ya rantse ba za a tuna kalangun ubansa da wannan muryar ba. Ya riƙa zuwa tashar manyan motoci yana tsare direbobin shanu da tambaya, me ke lalacewa a can, me ke tsira, har suka fara ɓuya in sun hango shi. Da damina ta faɗi a garinsu ya mai da ita makaranta. Sai ya rataye kalangu a bakin rijiya ya sha danshi, sa'annan ya kara shi kusa da garwashi yana koyon nisan da fata za ta ɗaure ba tare da ta ƙone ba. Ya ɓata fatu da dama kafin hannunsa ya gane, maƙwabta kuwa suka ce teku ta taɓa masa kai. Bai kula su ba. Ya sa aka ɗinka wa kalangu jaka mai leda a ciki, ya jeme wata fatar ya ajiye saboda ko-ta-kwana, ya zuba gawayi a gwangwani mai murfi, ashana a kwalba, ya nemi ɗan kasko. Kansa ma bai manta ba: takalmin roba, riguna marasa nauyi masu saurin bushewa, lema, gidan sauro da maganin zazzaɓi. Kayan nan suna ɗaure a kusurwar ɗaki tun ba a san ranar tafiya ba.

Ana nan sai labari ya zo Sarkin Pawa zai sake yin biki. Ba wanda ya gayyace shi, amma ya ɗauki kayansa. Matarsa ta miƙo masa leda, wannan karon da hannu biyu ya karɓa. Ya isa ana ruwa fiye da na bara, lasifika tana ta ihu, samari suna nuna shi da baki, mai mura ya dawo. Ya tsuguna ƙarƙashin rumfa ya hura kaskonsa, ya zaro kalangu a bushe, ya ɗan juya shi a kan garwashi, ya miƙe. Taken mahaifin Sarkin Pawa ya ɗauko, wanda shi Sarkin Pawan, tsoho mai dogara sanda, bai ƙara ji ba tun da ya baro gida, kalangu kuwa ya faɗe shi tangaram har bayan layi. Tsohon ya ɗaga hannu aka kashe lasifika. Ya yar da sandarsa, ya shigo fili cikin ruwan nan yana takawa, hawaye na bin gemunsa.

Ka ga hannu ɗaya ne, kalangu ɗaya, gari ɗaya, ruwan ma ya ƙaru ne. Shirin da aka yi a gida shi ya bambanta zuwan farko da na biyu. Saboda haka tashi ka je ka duba jakarka yau, tun kasuwa ba ta watse ba. Masu iya magana sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.